Itatuwan Da Ke Ƙarƙashin Tafkin Kainji

Ni Basarke ne, mutumin ƙasar Yawuri, a bakin Kwara aka haife ni. Ina yaro aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin shekarar 1968, ruwa ya komo baya ya yi tafki mai tsawon fiye da mil 80. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga gidajensu, tsohon garin Busa kuwa ya nutse. An sare daji a waɗansu wurare kafin ruwa ya iso, amma wa zai iya sare ƙasa guda? Saboda haka kuka da ƙirya da tsamiya da giginya, ruwa ya same su a tsaye, ya binne su a tsaye.

Wurin kawuna na koyi su. Shi kuwa bai taɓa duban tafkin nan kamar ruwa ba, ƙasar da ya sani ya ke gani a ƙarƙashinsa. Muna cikin tuƙi sai ya ce, "Kauce dama, yaro, nan ne ƙiryar bakin gonarmu." In na leƙa ba na ganin kome sai ruwa, amma in na zura gwangwala sai in ji ta bugi itace.

Wata rana na ƙi jin maganarsa, na shimfiɗa sabon kalli daidai kan ƙiryar nan, don na lura kifi ya fi yawa a wurin. Da asuba muka zo ja, kalli ya ƙi tasowa. Muka ja, muka ja, har jirgi ya karkata, sa'an nan ya taso a yage, rabinsa ya zauna a ƙasa. Kallin nan kuwa bashi ne, ba a ko fara biya ba. Na yi ta la'antar itacen, na ce da ina da iko da na sa an tumɓuke kututturan tafkin nan duka. Kawu bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "To, in ka tumɓuke su, ina kifin zai ci tuwo?"

Sai da na girma na gane maganar. Sa'ad da ruwa ya rufe daji, ganyaye da ciyayi suka ruɓe, suka zama wa ruwan taki. A can ƙasa ruɓar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, har ya guje wa zurfi na ɗan lokaci. Amma a sama abinci ya yawaita, aka yi shekaru kaɗan ana kamun da tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba. Da takin ya ƙare, masunta kuma suka ƙaru, sai kamu ya ragu. Abin da ya saura shi ne itatuwan.

Ko wane reshe da hasken rana ke kai wa, gansakuka ta kan lulluɓe shi, ita ce ƙarfasa ke kiwo kamar yadda akuya ke kiwon ciyawa. Akwai kuma wata 'yar farar tsutsa mai huda itace mai taushi ta zauna ciki, da dare ta fito neman abinci, ƙawara da ƙurungu su yi ta cinta. 'Ya'yan kifi su kan ɓuya cikin rassa, giwan ruwa kuma ta kan laɓe a gindi tana jiransu. Watau itace guda kasuwa ce sukutum, da masu ci da waɗanda a ke ci.

Kada mai karatu ya zaci duk itatuwan ɗaya ne. Kuka ba ta daɗe ba ta narke, don jikinta taushi gare shi. Ƙirya kuwa, wadda maƙera ke so don gawayi, ruwa bai iya mata kome, gama itacen da ke nutse ɗungum ba ya samun iskar da za ta ruɓar da shi. Inda ya ke ruɓewa shi ne daidai wurin da ya kan jiƙe ya bushe, tun da ruwan tafkin ya kan sauka wajen ƙafa 30 a shekara ya sake hawa. Nan kan itacen ya kan karye, ya bar kututture a ɓoye kamar mashi. Wannan shi ne mugun abu, ba na kuwa ɓoye shi: ya huda jirage, ya ci rayuka.

Duk da haka yau ba ni cikin masu cewa a tumɓuke. Ku dubi dala, tarun nan mai ƙananan idanu da a ke ja zuwa gaɓa, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Ba a iya jansa sai inda ƙasan ruwa ke a share. Inda kututture ya ke, mai dala ba ya kusanta, can ne kifi ke samun sararin girma. Abin da na ke roƙo shi ne a share hanyar jiragen fito, a kafa mata alamu, sauran kuwa a bar wa kifi.

Kawu ya daɗe da rasuwa, ƙiryarsa tana nan. Bara jikana ya bar mata rabin kallinsa. Na nuna masa inda zai riƙa shimfiɗawa, kamar tsawon jirgi uku daga gindinta, ta wajen da iska ba za ta kora shi kanta ba.