'Yan Dakon da ke Bayan Jarumi

Kowa ya san Tarzan, shi ya sa ban cika ɓata kuɗina a kansa ba. Abin da na daɗe ina farauta wajen masu tsofaffin kaset shi ne ƙannensa da aka manta: Bomba, wanda Johnny Sheffield ya fito a matsayinsa a finafinai 12 tsakanin 1949 da 1955, da Jungle Jim, inda Johnny Weissmuller, tsohon Tarzan, ya koma da jiki ya yi nauyi, ya ajiye bante ya sa riga da wando. Na araha ne, a Kalifoniya aka ɗauke su, dajin ma dashe ne.

Arahar nan ce ta koya min kallo. Jarumi zai nuna da yatsa, sai a yanko tsohon hoton zaki da wani ya ɗauko a Afirka ta gaske a liƙa. Hasken daban, ƙasar daban. Ko babban Tarzan na 1932, giwayen Indiya aka maƙala wa kunnuwan ƙarya don su yi kama da namu.

Da ƙuruciya idona na kan jarumi. Yanzu na koma bin mutanen da ke bayansa, 'yan dako, akwatuna a ka, ba suna ba magana. A wancan fim na 1932 ɗayansu ya zame daga kan dutse ya faɗa rami, tambayar farko da Bature ya yi kuwa ita ce me ke cikin kayan da ya ɗauko. Wallahi da can ko a jikina. Yau sai na tsayar da fim ɗin na mayar baya.

Wanda na fi killacewa shi ne Sanders of the River na 1935, da aka gina labarinsa a Najeriya. Jarumin fim ɗin, Paul Robeson, ya shiga da zaton za a girmama baƙar fata, da ya ga an mai da fim ɗin kirarin mulkin mallaka sai ya barranta da shi. Jomo Kenyatta ma yana cikin taron da ke tsaye a baya.

Jikokina dariya suke, wai Kaka na kallon masu zaginsa. Ban musa ba, amma na sa babbansu ya kwashe min finafinan zuwa kwamfuta, don damina ta fara sa wa zaren kaset ɗin fumfuna.