Bazara a bakin amya: daga Gidan Rumji zuwa Gazawa

Duk wanda zai tashi daga Gidan Rumji a watan Afrilu ya nufi gabas, ta Tibiri da Maraɗi da Caduwa har zuwa Agye da Gazawa, gara ya yi sammako. Kafin ƙarfe goma rana ta take, iskar da ke shigowa ta tagar mota sai ka ce daga bakin maƙera take fitowa. Gonaki fayau, awaki sun lafe a gindin aduwa. A wannan lokaci zafi a jihar Maraɗi yakan kai digiri 40 ko ya zarce, a inuwa ma ke nan. Matafiyin da ya ɗaga kai zai hangi, jefi-jefi, wani abu kamar naɗaɗɗen zana ɗaure tsakanin rassan gawo ko na tsamiya. Amya ce, kuma a cikinta ana fama da wannan zafi fiye da yadda ake fama da shi a cikin mota.

Dalili kuwa shi ne, ƙudan zuma ba ya renon ƴaƴansa sai a zafi daidai gwargwado. Tsakiyar amya, inda uwar zuma ke zuba ƙwai, dole ta tsaya wajen digiri 34 zuwa 35, dare da rana, da ɗari da bazara. In zafin ya haura haka da ƴan digiri kaɗan ya daɗe, ƴaƴan sai su mutu cikin saƙa, ko su fito da nakasa. Kakin da aka gina saƙar da shi ba ya narkewa sai ya wuce digiri 60, amma tun wajen digiri 40 yake fara laushi, har saƙar da ta cika da zuma ta kasa ɗaukar nauyinta ta rufto, ta danne na ciki.

Saboda haka a Gidan Rumji, inda Gulbin Maraɗi ke ratsawa, abin da ya kamata baƙo ya fara dubawa shi ne bakin rijiya. Gulbin ba ya gudu sai da damana. Da bazara rairayi ne zalla. Amma a kwamin shayar da dabbobi, da inda mata suka zubar da ruwan guga, da gefen fangalin masu lambu, za a tarar da ƙudaje sun yi layi suna tsotson laka. Ba ƙishirwar kansu kaɗai suke kashewa ba. Kowanne yakan cika cikinsa ya koma gida, a yayyafa ruwan bisa saƙa, wasu kuma su jeru a ƙofa suna kaɗa fukafukai. Ruwan na bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. In abin ya yi tsanani, sai wani ɓangare na ƙudajen ya fito waje ya yi cincirindo a jikin amya, don a rage cunkoso a ciki. Wani masani Bajamushe, Martin Lindauer, ya gwada wannan a shekarun 1950: ya ajiye amya bisa baƙin dutse mai ƙuna a ƙasar Italiya, ya ga muddin akwai ruwa kusa, cikin amyar bai gusa daga zafin da ya kamata ba.

To, muddin akwai ruwa kusa, nan gizo ke saƙar. Duk ƙudan da ya tafi ɗibar ruwa, an rasa shi wajen neman ruwan fure, alhali furen ma a wannan lokaci kaɗan ne, kuma busasshiyar iska tana ƙafar da ɗan ruwan da ke cikinsa tun da hantsi. A watannin Fabrairu da Maris laimar iska a wannan yanki takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙwai kuwa ba ya ƙyanƙyashewa da kyau sai da danshi. In ruwa ya yi nisa, inuwa ta yi ƙaranci, ƙudan zuman ƙasashenmu ba ya tsayawa jiran mutuwa. Wata rana mai amya zai hau itace ya tarar da wayam, zuma ta tashi da uwarta ta bar masa kango.

Daga Caduwa zuwa Agye kuma, maganar ta koma kan itace. Tsofaffin yankin ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gonaki suka zama fili babu abin da ke tare iska. Daga shekarun 1980 ne manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da ake kira sassabin zamani: in an zo sharar gona, ba a tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a rage masa rassa a bar shi ya girma. Ƙauyen Ɗan Saga, a cikin gundumar Agye, ya yi suna har ƙasashen waje kan wannan aiki. Manomi ya yi shi ne don gero da itacen wuta, amma ƙudan zuma ya ci moriya. Sabara da kalgo da magarya da aduwa kowanne da lokacin furensa. Gawo kuwa, da yake shi da rani yake ganye, yana fure bayan kaka sa'ad da sauran daji ke bushewa, sannan ya ba amya inuwa a watannin da ta fi bukata. Dazuzzukan Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, waɗanda aka keɓe tun zamanin Turawa, su ma mafaka ce, gwargwadon abin da gatari ya bari.

Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙasar Gulbin Kaba ce mai goriba, ƙasar riɗi da aya da wake. Wanda ya dawo nan a watan Agusta zai tarar da matsalar ta juye. Ga fure ko'ina, ga ruwa a kowane kududdufi, amma iska ta cika da laima. Ruwan furen da ƙuda ke kawowa sau da yawa fiye da rabinsa ruwa ne, kuma ba ya zama zuma sai an yi ta yi masa fifita har ruwan ya ragu ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sannan a toshe bakin saƙar da kaki. Cikin jiƙaƙƙiyar iska wannan aiki yana jinkiri. Amyar ciyawa da ba a yaɓe ta da kyau ba takan yi yoyo ta yi funfuna, kwarkwasa kuma ta samu hanya.

A nan ne zancen ya shafi ɗan kasuwa. Zumar da aka yi gaggawar cirewa kafin ƙuda ya toshe ta tana da ruwa; bayan ƴan makonni a cikin galan sai ta yi kumfa ta yi tsami, mai saye a Maraɗi ko Yamai ya ce an yi masa algus, alhali babu wanda ya zuba komai. Mai hankali yakan nemi ganin saƙar kafin a matse, kuma yakan rufe mazubinsa ruf, domin ko nunanniyar zuma tana jan danshi daga iska.

Zafi dai ba raguwa yake ba. A watan Afrilun 2024 an auna digiri 48 da ɗoriya a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma Sahel ɗaya ce. Abin da zai taimaki mai amya bai fi ƙarfin kowa ba: a ɗora amya cikin inuwa mai kauri, kada ƙofarta ta fuskanci ranar la'asar, a ajiye kasko da ruwa kusa, a jefa tsakuwa ko karare a ciki don kada ƙudaje su nutse, kuma kada a bari ya ƙafe ko yini ɗaya, a bar wa ƙuda rabonsa na zuma kafin bazara ta shigo. Ma'aikatan gandun daji da magadan gari kuwa, kafin su sa hannu a takardar saran itace, ya kamata su tuna cewa wani gawon gida ne. Halittar da Alƙur'ani mai girma ya sanya wa sura guda sunanta ta cancanci kaskon ruwa da inuwa. Allah ya kai mu damana lafiya.