Mai Gona Ba Ya Barin Gonarsa Ga 'Yan Gayya

Duk wanda Allah ya ja da ransa har ya ga jikoki suna gudu a tsakar gida, ya kuma ga yadda 'ya'yan maƙwabta suka tashi suka zama abin da suka zama, zai yarda cewa abin da yaro ya sha a gida shi ne ke binsa har furfura. Mu Kiristocin Danko da sauran ƙasar Zuru mun faɗa cikin wata ɗabi'a da ba mu cika lura da ita ba. Mun raba yaro kashi uku: boko na malamin makaranta ne, addini na fasto ne da malamin makarantar Lahadi, namu kuwa tuwo da riga da kuɗin makaranta. Idan yaro ya lalace sai mu ce makarantun yanzu ba su da tarbiyya, ko ikkilisiya ta yi sanyi. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, almajirantar da yaro, wato koya masa bin Almasihu da baki da hali, nauyi ne da Allah ya ɗora wa uwa da uba, kuma ba a ba su izinin miƙa shi ga wani ba, komai iliminsa.

Ya kamata mu san inda wannan ɗabi'a ta samo asali, domin ba gadonmu ba ce. Kakanninmu Dakarkari da Kambari da Dukawa da Fakkawa ba su da aji ba su da allo, amma ba wanda zai ce ba su horar da 'ya'yansu ba. Saurayin da ya shiga golmo, yana yi wa surukansa noma shekara bayan shekara, bisa al'ada har bakwai, ba ranar da ya shiga ya koyi riƙon garma ba. Tun yana ɗan ƙarami yake bin ubansa gona, yana ganin yadda ake ta da kunya, yadda ake jure rana, yadda ake gaishe da na gaba. Golmo jarrabawa ce, karatun kuwa a gida aka yi shi. Da masu bishara na mishan ɗin UMS, wadda ta haifi ikkilisiyar UMCA, suka iso ƙasar Zuru a shekarun 1920, sai suka zo da makaranta da ɗakin magani. Masu bi na farko yawancinsu yara ne da samari, iyayensu kuwa suna kan addinin gargajiya, saboda haka dole a makaranta suka ji Bishara, a wajen malami suka koyi addu'a, wasunsu ma su suka kai wa iyayensu labarin. Wannan larura ce ta zuriya ta farko, ba laifin kowa ba. Kuskuren da aka yi shi ne, 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda aka haifa cikin gidajen masu bi, sun ɗauki larura a matsayin ƙa'ida. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, aka kuma kawo shirin UPE na ilimin firamare ga kowa a 1976, malamin da ke koyar da baƙi da Littafi a aji ɗaya ya kau, mu kuwa ba mu karɓi aikin da ya ajiye ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan magana a duhu ba. A Maimaitawar Shari'a sura 6, umarnin koyar da yara ba ga firistoci aka miƙa shi ba, ga iyaye ne, kuma wuraren koyarwar da aka ambata su ne zaman gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Babu aji a cikinsu. Manzo Bulus da yake yabon bangaskiyar Timoti, bai ambaci wata majami'a ko wani babban malami ba, sai kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Eli kuwa firist ne, yana hidima a ɗakin Ubangiji dare da rana, amma hukunci ya sauka a gidansa saboda ya ga abin da Hofni da Finehas ke yi bai tsawata musu yadda ya kamata ba. Tarihin ikkilisiya ma hanyar da ya bi ke nan. Martin Luther ya rubuta ƙaramin littafinsa na tambaya da amsa a 1529 domin maigida ya riƙa koya wa mutanen gidansa. Makarantar Lahadi da muke jingina da ita yau sai a wajen 1780 Robert Raikes ya yaɗa ta a garin Gloucester na Ingila, kuma domin yaran talakawa masu aiki a masana'antu kwana shida a mako ya yi ta, waɗanda ba mai kula da su. An yi ta ne don toshe giɓi, ba don ta gaji iyaye ba. Ko lissafi kaɗai ya isa shaida: mako yana da awa 168, makarantar Lahadi ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Wane malami ne zai gyara cikin awa ɗaya abin da gida ya shuka a sauran?

Abubuwan da suka same mu a 'yan shekarun nan sun tone asirin wannan sakaci. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a daji. A ranar Litinin 17 ga Nuwamba 2025 kuwa abin ya zo har ƙofar gidanmu, aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a nan Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Bayan kwana huɗu aka kwashe yara fiye da 200 a makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja. Musulmi da Kirista kuka ɗaya suka yi. Aka rufe makarantu a jihohi da dama, yara suka dawo gida da akwatunansu. To, me suka tarar? A gidaje da yawa sun tarar da abinci da tsoro da waya, ba su tarar da wanda zai zauna da su ya amsa tambayar da ke cin ransu ba, cewa ina Allah yake sa'ad da ake irin wannan. Yaron da aka raba da iyayensa a tsakar dare ba ya tafiya da fasto, ba ya tafiya da Littafi. Abin da ke cikin ƙirjinsa kaɗai ke binsa, kuma mai zuba shi a ƙirjin, tun yaro bai iya ɗaura wando ba, uwa ce da uba.

Wani zai ce, to sai mu yi irin na Amurka, inda wasu iyaye Kirista ke cire 'ya'yansu daga makaranta gaba ɗaya su koyar da su a gida. Ba wannan nake kira a kai ba, kuma ina ganin hatsari ne babba a gare mu. Waɗancan iyaye suna da littattafai a jere, da wuta, da intanet, da dokar da ta amince da tsarin a dukan jihohinsu, sau da yawa kuma ɗaya daga cikin iyayen ya ajiye aiki don wannan kawai. Mu a nan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, kuma mun san abin da ke faruwa da yarinyar da aka ce ta zauna a gida: talla ce, sai aure tun ba ta isa ba. Ƙasar Zuru da karatu ta yi suna, da shi 'ya'yanta suka kai manyan muƙamai a soja da aikin gwamnati, ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Wanda ya hana ɗansa lissafi da kimiyya da sunan tsare masa bangaskiya ya cuce shi. Maganar ita ce a san matsayin kowa. Makaranta da ikkilisiya 'yan gayya ne: suna zuwa da fartanyarsu su rage wa mai gona aiki mai yawa a yini ɗaya, ana gode musu, amma da yamma kowa ya koma gidansa. Mai gona ne ya san inda ruwa ke kwanciya, shi ke kwana da tunanin tsuntsu da ɓarawo, shi kuma za a tambaya ranar girbi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na iyayen da ba su yi karatu ba. Uwa za ta ce ita ko sunanta ba ta iya rubutawa, me za ta koya wa ɗan sakandare? Wannan magana tana da nauyi, amma ta ɗauka cewa almajirantarwa darasi ce, alhali yawancinta gani ne. Yarinyar da ke zaune kusa da uwarta a kasuwar Bena ko ta Ribah tana kallon mudun dawa, ko an cika shi har ya yi tozo, ko an buga gindinsa ya lotsa don ya ci kaɗan. Ba a buɗe Littafi a wurin ba, amma an yi mata wa'azi a kan gaskiya wanda ba za ta manta ba. Yaro yana jin abin da ubansa ke faɗa game da maƙwabci bayan maƙwabcin ya fita, yana ganin ko kuɗin taki ya tafi gidan burukutu, yana lura ko hannun da aka ɗaga a sujada shi ne ke marin uwarsa. Ɓangaren karatun ma ba ya gagara. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bayan an ci tuwon dare, kafin a kwashe kwanuka, ɗan aji huɗu ya riƙe tocila ya karanta aya biyar yana tuntuɓe, kaka da ta haddace labarin Yusufu tun tana budurwa ta gyara masa daga inda take zaune, uba ya tambayi kowa abin da ya ji, a maimaita da C'lela, harshen Dakarkari, ko da Kambarci don ƙananan, a yi addu'a a ambaci kowane yaro da sunansa. Minti goma sha biyar ne. Wanda ya iya baƙi ya ba da ido, wanda ya san rayuwa ya ba da fassara.

Akwai kuma masu cewa ba lokaci, kuma ba ƙarya suke yi ba. Akwai waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suna raɓe a ɗakin 'yan'uwa a Zuru ko Ribah, akwai gwauraye, akwai matan da mazansu ke bakin daga a Borno. Ga irin waɗannan, zumunci ne maganin: kawu da baffa da gwaggo da kaka duk iyaye ne a wurinmu, kuma dattawan ikkilisiya su san gidajen da babu uba su riƙa leƙawa. Amma maza da yawa da ke gari, lafiyarsu ƙalau, sun bar wannan aiki kacokan ga 'yan Zumuntar Mata. Ɗa namiji da bai taɓa ganin ubansa ya durƙusa ba, da ya fara tsiro gemu zai ɗauka addu'a aikin mata da yara ce.

Saura tambaya mai ɗaci. Ba mu ga 'ya'yan mutanen kirki, har 'ya'yan fastoci, sun bauɗe ba? Mun gani. Annabi Sama'ila kansa 'ya'yansa sun ci hanci sun karkatar da shari'a. Ba a yi wa iyaye alkawarin cewa za su iya sa bangaskiya cikin zuciyar yaro da ƙarfi ba, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, abin da za a tambaye su shi ne aminci. Sau da yawa kuma idan aka bincika, za a tarar ba koyarwa ce ta yi yawa a gidan ba, bulala ce ta yi yawa, hira ta yi kaɗan. A Afisawa sura 6, gargaɗin kada uba ya tsokani ɗansa ya yi fushi yana cikin aya ɗaya da umarnin horarwa, shi ne ma ya zo da fari. Uban da bai taɓa cewa ɗansa "na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini" ba, zai sha wuya wajen koya masa tuba. Haka nan tarbiyyar gida ba katanga ba ce tsakaninmu da 'yan'uwanmu. A ƙasar nan da wuya ka sami dangin da babu Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya a cikinsa, suna da biki da makoki tare muke yi. Timoti ma ubansa Baheleni ne. Yaron da aka koya masa a gida dalilin abin da ya gaskata shi ne ke iya zama da baffansa Musulmi cikin ladabi ba tare da tsoro ko raini ba. Wanda aka bari fanko shi ne ɗan siyasa da mai wa'azin ƙiyayya ke cikawa.

Don haka ikkilisiyoyinmu, UMCA da ECWA da Katolika da Baptis da sauransu, su juya ƙarfinsu wajen horar da iyaye kamar yadda suke horar da ƙungiyar mawaƙa. A ajin shirin aure a koya wa ango da amarya yadda ake sujadar iyali, fasto idan ya kai ziyara ya tambayi maigida abin da aka karanta a gidan a makon nan kafin ya tambayi baiko. Ku kuma 'yan'uwana iyaye, musamman maza, kada ku jira tsaro ya dawo ko ku jira ku iya karatu. Ku tura yara makaranta duk inda take a buɗe, ku kai su sujada, sannan daren yau, bayan an ci abinci, ku tara su ku fara da kanku.