Tsuntsu Daga Sama Gasasshe

Akwai wata magana da kusan kowannenmu ya tashi da ita a kunne, wato duk kuɗin da ya shiga aljihun hukuma to ya shiga ke nan, sai dai ka bi shi da addu'a. Ko bisa kuskure aka karɓa, da wuya ka ga talaka ya koma ofis yana cewa a ba shi canjinsa. Shi ya sa in 'yan'uwanmu da suka yi zaman karatu ko na aiki a Ingila suka tattara suka bar ƙasar, sannan bayan watanni saƙo ya biyo su wai ƙaramar hukumar garin da suka zauna tana riƙe da ragowar kuɗinsu na harajin gida, sai ka ga mamaki ya kama su. Wani ya ɗauka 'yan damfara ne, wani kuwa ya ce ai wannan shi ne tsuntsu daga sama gasasshe. To ni dai a ganina kuɗi ba ya faɗowa daga sama. Duk abin da aka mayar maka daga aljihun wani ya fita tun farko, kuma kafin ka kai shi baki ya kamata ka san aljihun wa ne.

Bari mu fara da shi kansa harajin. A shekarar 1990 gwamnatin Magaret Taca ta ɗora wa mutanen Ingila harajin kai, wato kowane baligi a gari ya biya kuɗi iri ɗaya, attajiri da direbansa duk farashi guda. Mu nan Arewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin kuwa iyayenmu sun sha fama da haraji da jangali har zuwa 1979, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Su ma Turawan ba su haƙura ba. Ranar 31 ga Maris 1990 aka yi gagarumar tarzoma a tsakiyar Landan, kafin shekarar ta ƙare Taca ta sauka daga mulki, kuma a watan Afrilu na 1993 aka maye gurbin wancan haraji da wanda ake biya har yau, wato harajin gida na ƙaramar hukuma. Da shi ake taimaka wa kwasar shara, da kula da tsofaffi da marayu, da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana.

An kasa gidajen Ingila aji takwas, daga A zuwa H, gwargwadon kuɗin da gida zai yi a ranar 1 ga Afrilu 1991. Wanda bai wuce fam 40,000 ba a wancan lokaci shi ne ajin A, wanda ya haura fam 320,000 shi ne H, kuma mai H yana biyan ninki uku na mai A. Abin lura a nan shi ne, galibi wanda ke kwana a gidan shi ke biya, ko da haya yake. Ka ga ke nan ɗan'uwanmu da bai mallaki ko bulo ɗaya a ƙasar ba, da zarar ya karɓi mukullin gidan haya sunansa ya shiga littafi.

To ta ina kuɗi ke dawowa? Hanya ta farko lissafi ne kawai. Shekarar harajin tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris, amma tsarin da aka daɗe a kansa shi ne a biya a kashi 10, daga Afrilu zuwa Janairu, ko da yake tun 2013 wanda ya nema ana raba masa kashi 12. Mu ɗauka harajin shekara fam 1,200 ne, kana biyan 120 duk wata. In ka bar gidan a ƙarshen Janairu ka riga ka biya na shekara cif, alhali wata goma ka zauna, saboda haka wajen fam 200 na Fabrairu da Maris naka ne.

Hanya ta biyu rangwame ne. An gina harajin a kan cewa baligai biyu ne a gida, don haka wanda ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100. Sannan akwai mutanen da ba a ƙirga su sam, kamar ba sa gidan. Ɗalibin da karatu ne cikakken aikinsa yana ciki, haka jami'an jakadanci, haka matar ɗalibi ko mijin ɗaliba baƙo wanda bizarsa ta hana shi aiki ko karɓar tallafin gwamnati. Gidan da duk ɗalibai ne a ciki ba ya biyan ko sisi. Hanya ta uku kuwa ita ce a gano tun asali an saka gida a ajin da ya fi ƙarfinsa, a sauko da shi, a mayar wa waɗanda suka biya rarar da aka karɓa. Sai dai fa mai neman a sake duba ajin gidansa ya sani ana iya hawar da shi ma. Kuma akasarin rangwamen nan ba ya zuwa da ƙafarsa, sai ka nema ka kai shaida. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a gidanmu. Yayana malamin jinya ne, ya yi aiki a wani gari na arewacin Ingila. Shekara biyu suna zaune gida ɗaya da wani yaro Bakatsine mai karatun digiri na uku. Takardar haraji da sunan Yaya take zuwa, su kuwa sun yi yarjejeniya tun ranar farko cewa haya da wuta da haraji duk rabi da rabi za su riƙa yi. Yaron ya gama ya dawo gida, shi ma Yaya ya sami aiki a Saudiyya ya tashi. Wajen cike takardar rufe asusunsa ne aka tambaye shi wa da wa suka zauna a gidan, ya rubuta sunan yaron ya ce ɗalibi ne. Aka nemi shaidar jami'a, yaron ya turo. Yaya yana hutu a Kano saƙo ya iso cewa an mayar masa da rubu'in abin da aka biya na shekara biyu. In muka tsaya a kan waccan fam 1,200 don sauƙin lissafi, fam 600 ke nan, kuma in aka juya shi naira kuɗi ne mai kauri.

Nan fa gardama ta tashi a tsakar gida bayan sallar isha'i. Matar Yaya ta ce, "Ai magana a fili take. Da sunan wa takarda take zuwa? Asusun wa aka zuba? Rabonka ne Allah ya kawo." Yaya ya ƙara da tasa hujja, ya ce sunan rangwamen ma na mutum ɗaya ne, kuma a idon hukuma shi ne mutum ɗayan, ko da yaron bai taɓa zama a gidan ba da an rage masa.

Ni kuwa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma da wani ma'aikaci ka zauna da shi da ba a mayar maka da ko kwabo ba. Karatun yaron nan da takardar da ya turo su suka jawo kuɗin. Bugu da ƙari, shi doka ba ta ɗora masa harajin ba tun farko, amma shekara biyu yana cire rabi daga ɗan guzirin karatunsa." Yaya ya dube ni ya ce, "To malam alƙali, so kake in mayar masa da duk abin da ya taɓa biya?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don kowa ya ga inda lissafin ya nufa.

Hajiya tana kan darduma tana jan carbi, ba ta ce komai ba sai da muka lafa. Da yake Yaya ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta juyo wajena ta ce, "Ka faɗa wa yayanka, ku uku kuna ta rabon kuɗi, shi wanda kuke rabawa da shi ya ma san an mayar?" Tsit muka yi. Ta ce, "A kira yaron mutane a gaya masa gaskiyar yadda abin yake, da nawa ne, da dalilin da ya sa aka mayar. Abin da ya yafe ya halatta, abin da bai yafe ba ko shekara nawa ya yi a hannunku nasa ne."

Washegari Yaya ya kira shi a waya, ya zayyana masa komai, har da batun cewa shi ɗalibi ba a binsa harajin. Yaron ya ce, "Haba Yaya, ai alkawari muka yi rabi da rabi, kuma ban manta abincin da na ci a tukunyarka ba. Abin da ya fita mun raba, abin da ya dawo ma mu raba." Haka aka yi, kowa ya ɗauki rabi. Ban ce wannan rabo shi ne hukuncin da kowane malami zai yanke ba, amma an yi shi da sanin kowa da yardar kowa, kuma har gobe suna zumunci.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka littafin nan na hukuma mayarwa kawai ya iya. Yadda bai manta da canjinka ba haka ba ya manta da bashinsa. Wanda ya tashi bai sanar ba, haraji zai ci gaba da hawa a kan sunansa, a aiko takardar tuni, a bi da sammacin kotun majistare, a ɗora kuɗin kotu a kai, shi yana can bai sani ba. Su kansu 'yan ƙasar da ke fita neman kuɗi waje ba su tsira ba. A 1993 wata babbar kotu ta duba ƙarar wani mutumin garin Hul da ke aiki a Saudiyya, wanda 'yan makonni kawai yake yi a gida a shekara, game da tsohon harajin kai. Kotu ta ce tun da gidansa da matarsa suna Hul, kuma can zai koma in aiki ya ƙare, to can ne mazauninsa. Saboda haka matar da mijinta ya tafi ƙwadago waje kada ta ɗauka lallai za a lissafa ta a mai zaman kaɗaici.

Wanda kuma ya kulle gidansa ya tafi, a da yana samun sauƙi, yanzu kuwa abin ya juya. Tun 2013 aka ba ƙananan hukumomi damar ƙara kashi 50 cikin 100 a kan gidan da ya shekara biyu babu kowa babu kaya. A 2019 ƙarin ya kai ninki, daga 2021 gidan da ya shekara goma a kulle yana iya biyan ninki huɗu, a 2024 aka rage wa'adin farko zuwa shekara ɗaya. Daga Afrilu 2025 har gidan da ke da kaya a ciki amma ba mazaunin kowa ba ne ana iya ninka masa haraji. Dalilinsu shi ne mutane na neman wurin kwana ga gidaje a rufe.

Shawarata ga ɗan'uwa mai shirin barin ƙasar ita ce ya rubuta wa ƙaramar hukuma ranar da zai fita, ya nemi takardar lissafi ta ƙarshe, ya bar adireshin da za a same shi, kuma kada ya yi gaggawar rufe asusunsa na banki. Ɗalibi ya karɓi shaidar jami'a tun yana can. In saƙo ya zo yana neman lambar sirrin katinka wai za a mayar maka da haraji, ka rabu da shi, ka nemi hukumar da kanka, domin 'yan damfara ma sun san wannan hanya.

In kuwa kuɗin ya tabbata ya shigo, to kafin a fara lissafin buhun shinkafa a zauna a tuna su wa aka yi karo-karo da su. Ma'aikacin da bai san ka ba, ba addininku ɗaya ba, ya bi sawunka har wata ƙasa don ya ba ka fam ɗari biyu da ka manta da su. Abin kunya ne a ce kai ka kasa ɗaga waya ka kira wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.