Kashe Fitila Ba Gyaran Inji Ba Ne

Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, a kan tsofaffin motoci take tafiya. Buhunan shinkafa da sukari, jarkokin man girki, katan-katan na taliya da sabulu, yawancinsu a motocin Kwatano suke fita, waɗanda suka gama zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Irin wannan mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan yi ta magana tukuna: ta yi nauyin tashi da safe, ta riƙa karkarwa a cunkoso, sa'an nan wata ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a gaban direba.

Fitilar nan tana da dalili. Tun shekarar 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su riƙa lura da hayaƙin da suke fitarwa, Turai ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Idan kwamfutar motar ta ga matsala, sai ta ajiye lamba, ta kunna fitila. Idan fitilar ta tsaya cak, akwai sauran lokacin zuwa gareji. Idan kuwa tana ƙiftawa, fetur ne ba ya ƙonewa daidai, yana gangarawa salansa, inda zai iya lalata matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi.

Da irin wannan mota nake ɗauko wa maiɗakina kayan shagonta daga Singa, kuma daga shagon nan kuɗin makarantar yaranmu ke fitowa. A wani hunturu motar ta soma wahalar tashi, fitilar kuma ta kama. Masu shawara suka yi mini yawa. Wani ya ce in sayi sabon batir, ko da yake kik yana juyawa da ƙarfinsa. Wani ya ce in bari ya cire indomin, akwai masu saye, don akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa. Na uku ya ce, “Yallaɓai, kawo in liƙe ta da baƙin salatif, ka huta da ganinta.”

Wani dattijon bakanike shi kaɗai bai yi gaggawa ba. Ya jona na'urarsa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito: P0171, wato iska ta fi fetur yawa a cikin injin. Bai tsaya nan ba. Ya bi robar da ke kai iska da yatsunsa har ya taɓo tsaga, ya kuma sami matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, fulogai sun cinye. Abin da na saya a Ƙofar Ruwa bai kai kuɗin batir ba. Na ce, “Baba, da an liƙe fitilar fa?” Ya ce, “Ɗana, da ka huta da ganinta, da injin bai huta ba.”

'Yan'uwa, Allah cikin alherinsa ya sa wa kowannenmu fitila irin wannan, ita ce lamiri. Takan kama sa'ad da mudu ya ragu a hannun mai awo, ko bashin ɗan'uwa ya daɗe muna kauce wa hanyarsa, ko muka kwana da fushi muka tashi da shi. Akwai kuma wahalar tashi: addu'ar safe ta yi nauyi, Littafi Mai Tsarki ya yi ƙura, zuwa sujada ya zama tilas. Mukan ce gajiya ce, ko tsadar rayuwa. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa akwai tsaga a wurin da ido ba ya kaiwa.

A nan ma masu salatif ba su ƙare ba. Su ne masu cewa kowa ma haka yake yi, kasuwa ce. Akwai kuma masu canje-canje barkatai, yau wannan majami'a, gobe wancan mai addu'a, ba tare da sun tambayi abin da fitilar ke faɗi ba.

A littafin Sama'ila na biyu, sura 12, Sarki Dawuda ya rufe laifinsa har ya zaci magana ta wuce. Ubangiji ya aiko masa da annabi Natan, wanda ya sa yatsa a daidai tsagar. Dawuda yana da ikon rufe bakin Natan, amma ya saurara, ya tuba. Gargaɗin nan jinƙai ne, gama wanda aka fid da rai a kansa ba a yi masa gargaɗi.

Saboda haka, in fitilarka ta kama, kada ka ji tsoronta, kada kuma ka liƙe ta. Ka kai zuciyarka gaban Maganar Allah, ka nemi dattijo mai tsoron Ubangiji wanda zai bincika da haƙuri. Gyaran da aka yi da wuri ya fi araha.

Ya Ubangiji, ka ba mu kunnen jin gargaɗinka tun muna da sauran lokaci. Amin.