GWIWATA, GIYAR MOTA, DA LABARIN WATA LADA

Ranar Litinin da ta wuce sai da na kwashe awa biyu da 'yan mintuna tsakanin Mararaba da ofis. Duk wanda ya san hanyar Nyanya da safe ya san ban yi ƙari ba. Taka kuloci, sa giya ɗaya, matsa taku uku, taka birki, cire giya. Haka har AYA. Da na isa sai da na zauna cikin mota kusan minti biyar kafin gwiwata ta hagu ta yarda ta ɗauke ni. Tun bara likita ya faɗa min: "Malam, ko ka canza mota, ko ka canza hanya." To hanya dai ba ta canzuwa, don albashina bai kai in kama haya a cikin gari ba. Saura mota.

Na fara zagayen neman otomatik 'yar Kwatano, ƙarama mai ɗan tsayi, wadda za ta iya shiga lungunmu da damina ba tare da cikinta ya goge ƙasa ba. Dillali na farko da ya faɗi kuɗi, na ɗauka wasa yake. Motar da ta shekara goma sha biyar a hannun wani a Amurka, kuɗinta ya fi albashina na shekara biyu, ko da ban ci ban sha ba. Na dawo gida jiki a sanyaye.

Da dare nake ba wani abokina labari ta WhatsApp. Tare muka yi sakandare, shi ya samu tallafin karatu ya tafi Rasha karatun likita, ya yi aure ya zauna can. Sai ya turo min hoton motarsa cikin ƙanƙara. Na ce, "Mutumina, wannan ai ita nake nema! Mece ce sunanta?" Ya ce Lada XRAY Cross, sabuwa fil ya saye ta a 2020, otomatik, kuma a lokacin tana cikin mafi araha a irinta. Na ce to a sa min ɗaya a jirgin ruwa mana. Ya yi dariya ya ce, "Ko da kuɗinka a hannu ba za ka samu sabuwa ba. An daina yin ta."

Wannan maganar ce ta hana ni barci, na bi diddigin labarin. Ga abin da na fahimta.

Kamfanin da ke yin Lada sunansa AvtoVAZ, yana garin Tolyatti a bakin kogin Volga. An kafa shi a 1966 tare da Fiat na Italiya, motarsa ta farko ta fito a 1970. Manyanmu sun san Lada, don an shigo da su Najeriya a shekarun 1970 da 1980, har da Niva mai shiga ko'ina. A 2008 kamfanin Renault na Faransa ya sayi kashi 25 cikin ɗari na kamfanin, daga baya ya zama shi ke da rinjaye. A ƙarƙashin wannan haɗin aka fito da XRAY, aka fara sayar da ita a farkon 2016 a kan kuɗi ƙasa kaɗan da rubul dubu 600. An yi ta ne don irina: ma'aikaci mai iyali da ke son mota mai tsayi, marar shan mai sosai, wadda ba za ta cinye masa gida ba.

Da farko, wanda ba ya son taka kuloci sai a ba shi wata giya da Rashawa ke kira "robot". Asalinta giyar hannu ce, aka sa mata na'urar da ke taka kuloci tana canza giya a madadinka. Tana da araha, sai dai mutane da yawa sun yi ƙorafin tana ɗan fizga wajen canji, musamman a cunkoso. A 2018 aka fito da Cross, wadda tsayin cikinta daga ƙasa ya kai milimita 215. A 2019 aka sa mata giyar CVT ta kamfanin Jatco na Japan, mai aiki da bel na ƙarfe, ba ka jin lokacin da take canji. Irin ta abokina ke nan.

Sai ga Fabrairun 2022, Rasha ta afka wa Yukren, ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba takunkumi. A watan Mayu Renault ya miƙa hannun jarinsa ga wata cibiyar gwamnatin Rasha a kan rubul ɗaya tak, da sharaɗin zai iya dawowa ya saya cikin shekara shida. Nan fa asiri ya tonu. Tambarin da ke gaban XRAY na Rasha ne, amma ƙashin bayanta na Renault Sandero ne, giyarta ta Japan ce, injin da ake haɗa ta da shi ma na gidan Renault da Nissan ne. Da masu kaya suka janye kayansu, sai layin ya tsaya, kuma bai sake tashi ba. Bahaushe ya gama magana da ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, wannan fa ƙasa ce da ta fara aika mutum sararin samaniya tun 1961. Tana ƙera jirgin yaƙi, tana gina tashar nukiliya a ƙasashen wasu. Amma a tsakiyar 2022 sai da ta koma fitar da Lada Granta babu jakar iska, babu birkin ABS, babu otomatik. Daga baya aka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2024 Lada Vesta ta sake samun CVT, ita ma daga China aka kawo. Tsohuwar masana'antar Renault da ke Mosko kuwa an mayar mata da sunan Moskvich, ta fito da Moskvich 3 a ƙarshen 2022, wadda kowa ya san JAC ce ta China aka canza wa tambari, kuɗinta a lokacin wajen rubul miliyan biyu.

Na tambayi bakanikena me ya sa giyar otomatik ke da wuya haka. Ya ce, "Oga, injin mota ko a Panteka za a iya yi masa dabara. Amma wannan, in ka kuskure da kaurin gashi ɗaya ta tashi aiki." Da na bincika sai na ga gaskiyarsa. Aiki ne na ƙananan bawul, na'urorin auna gudu da kwamfutar da ke sarrafa su, kuma masana'antarta ba ta biyan kanta sai ana yin dubban ɗaruruwa a shekara. Shi ya sa kamfanoni kaɗan irin su Aisin, Jatco da ZF ke yi wa masu ƙera motoci da dama a duniya.

Duk da haka a ba Rashawa haƙƙinsu. Masana'antarsu ba ta mutu ba. Granta da Niva, waɗanda ake yi wa dariyar tsufa, su suka riƙe kamfanin, saboda yawancin kayansu a gida ake yi. 'Yar gayun ce ta faɗi, tsofaffin suka tsaya.

Nan ne zuciyata ta dawo gida. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin makaranta ne. Da bashin mota na gwamnati ya sayi Peugeot 504 sabuwa a leda, haɗin Kaduna. Na girma ina jin ƙamshin kujerunta, a cikinta aka kai ni firamare. Masana'antar Kakuri ta fara aiki a 1975. A wancan zamanin muna da Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Mun ɗauka mun iso. Ashe yawancin kayan a akwati suke zuwa, mu namu ɗaurewa. Mu ba takunkumi aka sa mana ba. Kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, SAP ta zo a 1986, Naira ta karye, akwatunan suka yi tsada, masana'antun suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da ya kamata ya ba su ƙarfe, wanda Tarayyar Sobiyet ɗin nan ce ta fara gina mana tun 1979, har yau muna jiran sa.

Ga ni yau, da digiri, da shekara kusan ashirin a aikin gwamnati, na fi mahaifina mataki, amma ina tsaye a gaban dillali ina roƙon ragi a kan motar da wani ya gaji da ita. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira, abin ya ƙara nisa. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, amma ku tambayi kuɗin tayoyi huɗu.

Ba ina cewa dole mu ƙera komai da kanmu ba, babu ƙasar da ke yin haka. Abin da nake so shi ne, duk ranar da aka tara mu aka yanke kirtani aka ce ga "motarmu ta gida", wani ya ɗaga hannu ya tambaya: batirin na ina ne? Gilashin fa? Tayar fa? In jirgin ruwa ya daina zuwa wata shida, me zai rage a layin? Wannan tambayar ce Rashawa ba su so amsa ba sai da yaƙi ya tilasta musu.

Ni kuwa ga inda na tsaya. Ƙungiyar adashin ofis ta yarda ta ba ni bashi, amma da na zauna da uwargida muka yi lissafi, sai muka ga abin da za a riƙa cirewa duk wata zai taɓa kuɗin makarantar yara biyu. Ta ce, "Abban yara, gwiwa dai tana warkewa, amma shekarar karatu in ta wuce ta wuce." Ban ji daɗin maganar ba, amma ban samu amsa ba. Don haka na haɗa kai da maƙwabta biyu da muke aiki a yanki ɗaya. Muna karo-karon mai, ni na kawo mota, ƙaramin cikinmu ke tuƙi kwana uku a mako. Gwiwa ta samu sauƙi, aljihu ma haka. Otomatik ɗin kuma ina tara mata a hankali. In lokaci ya yi, ba zan fara da kallon kyau ba. Zan fara zuwa Apo in tambayi ko akwai kayan gyaranta, da man giyarta na ainihi, don bakanike ya ja min kunne cewa CVT ba ta yafe man da ba nata ba.

Abokina ya ce har yanzu tasa lafiya lau, amma lallaɓa ta yake kamar ƙwai, don ya san ba a haifi ƙanwarta ba.

Ku da kuke tuƙa otomatik a cunkoson Abuja, Kano ko Kaduna, wacce kuka ga ta fi jure wahala, kuma kayanta na samuwa? Ku ba ni shawara a ƙasa, ɗan'uwanku na karantawa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu ga ranar da malamin makaranta zai sake sayen sabuwar mota da albashinsa.