Kifin duwatsun Kogin Filint

Kogin Filint na jihar Jojiya ta Amurka yana farawa ne a inda ba wanda zai yi zaton kogi. Tushensa na kudancin birnin Atlanta, kuma tun yana ɗan rafi sai ya shige ƙarƙashin babban filin jirgin saman birnin cikin bututun siminti, jirage na sauka a kansa dare da rana. Da ya fito sai ya miƙe kudu, ya yi fiye da kilomita 300 ba madatsar ruwa ko ɗaya a gabansa. A ƙasar da aka datse yawancin manyan koguna, samun irin wannan da wuya, kuma albarkacinsa ne wani kifi da ya kusa ƙarewa a maƙwabtan ruwaye yake nan da ransa.

Na isa gaɓar kogin a watan Afrilu, a wani wuri da ake kira Sprewell Bluff, kusa da garin Thomaston. Nan ruwan ke ratsa tsaunuka, ya bazu a kan faffaɗan duwatsu, yana gudu yana kumfa. Wani dattijo mai kamun kifi da ƙugiya ne ya yi mini jagora. Muka shiga ruwa iya gwiwa, muna taka duwatsu masu santsi a hankali, ya riƙa jefa ƙugiyarsa bayan kowane dutse inda ruwan ke ɗan lafawa. Ba a jima ba sandarsa ta lanƙwashe. Kifin da ya jawo bai kai tsawon kamu ɗaya ba, jikinsa kore mai ratsin tagulla, da zane-zanen duhu a tsaye a haƙarƙarinsa, da tabo baƙi a gindin wutsiya, idonsa ja. Ya riƙe shi ta leɓen ƙasa, ya nuna mini, sannan ya sunkuya ya mayar da shi cikin ruwa.

Na ce, "Baba, ai abincin dare ne ka saki."

Ya ce, "Ɗana, wannan ba a kai shi gida. Ka je duk duniya, in ba a 'yan kogunan nan namu ba, ba za ka same shi ba."

Kifin da Amurkawa ke kira baƙin bas ba iri ɗaya ba ne. Dangi ne guda mai rassa da suka haura goma, dukkansu 'yan asalin ruwan daɗi na Arewacin Amurka. Wanda ya fi shahara shi ne mai faɗin baki, wanda muƙamuƙinsa ke wuce bayan idonsa. Shi kifin tafki ne da ruwa mai ɗumi, mai son ciyawa da kututturen itacen da ya nutse. Mai neman kamanninsa ya tuna ƙaramar giwan ruwa, da ƙaton bakinta da ƙayoyin bayanta. Akwai mai ƙaramin baki, launin tagulla, mai son ruwa mai sanyi da tsakuwa a arewacin ƙasar da Kanada. Sauran kuwa kowanne da koginsa: na Guadalupe a tsakiyar jihar Tekzas, na Suwannee a arewacin Fulorida da kudancin Jojiya, da wannan na duwatsu da muka gani, wanda asalinsa Kogin Filint da Chattahoochee da Apalachicola ne kaɗai. Mutanen yankin sun daɗe da saninsa, amma sai a 1999 masana biyu, James Williams da George Burgess, suka tabbatar a rubuce cewa jinsi ne mai zaman kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da dangin nan shi ne yadda suke haihuwa. Idan sanyi ya wuce, ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, namijin ne ke fara aiki. Zai nemi wuri marar zurfi, ya yi ta share ƙasa da wutsiyarsa har ya fitar da gurbi zagayayye, tsaf ba laka. Mace ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ya barbare su, ita kuma ta kama gabanta. Daga nan komai na wuyansa. Yana tsaye a kan gurbin yana kaɗa fiffike don ruwa mai iska ya riƙa ratsa ƙwan, kada laka ta binne su. Ƙananan kifaye na zagaye suna jiran ya kau da kai, shi kuwa yana korarsu ɗaya bayan ɗaya, ga yunwa, don kusan ba ya cin komai a wannan lokaci. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ke ƙyanƙyashewa. 'Ya'yan su taso su yi dunƙule baƙi ƙirin a saman gurbin, uban na biye da su har su yi ƙarfin watsewa.

A nan ne nake da ja da wasu masu ƙugiyar ƙasar. Namijin da ke gadin gurbi yana kai wa duk abin da ya kusanto hari, don haka kama shi ba wuya. Suna cewa ai za su sake shi. To amma a 'yan mintocin da ya yi a hannun mutum ana ɗaukar hoto, masu jiran nan sun riga sun afka wa ƙwan. Wurare kamar lardin Ontario na Kanada sun daɗe suna rufe kamun bas a ruwayensu da dama lokacin haihuwa, kuma a ganina su ne suka fi gaskiya.

Wajen cin abinci kuwa, bas ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe, in abin ci ya gifta sai ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki tare da abin da ke cikinsa. Yana ƙarami yana cin ƙwarin ruwa, in ya girma ya koma kan kifaye da kwaɗi da wata halitta mai kama da jatan lande mai hannuwa irin na ƙaguwa. Manyan masu faɗin baki har ɗan maciji da ɗan agwagwa suna haɗiyewa. Ranar 2 ga Yuni 1932, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya kama mai faɗin baki da ya haura kilo 10 a Tafkin Montgomery, wani tsohon lungun Kogin Ocmulgee a nan Jojiya. Aka auna shi, ya kai gida iyalinsa suka ci. Shekara 77 ba a samu kamarsa a kundin bajinta na duniya ba, sai a 2009 da Manabu Kurita ya kama daidai da shi a Tafkin Biwa.

Tafkin Biwa kuwa a Japan yake. Yadda kifin Amurka ya je can har ya yi wannan girma shi ne ɗaya ɓangaren labarin. Son da ake wa bas saboda kokawarsa a bakin ƙugiya ya sa aka yi ta ɗibarsa ana zubawa a ruwayen wasu ƙasashe. An kai shi Tafkin Ashi na Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, Tafkin Naivasha na Kenya a 1929. Ƙananan kifayen wuraren ba su saba da mafarauci irinsa ba. A kogunan yankin Cape na Afirka ta Kudu, mai ƙaramin baki ya kore kifayen asali daga dogayen sassa. A Tafkin Atitlán na Guatemala, inda aka zuba bas a ƙarshen shekarun 1950, yana cikin abubuwan da suka ƙarar da wani tsuntsun ruwa da babu irinsa a ko'ina. Japan ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu cutarwa a 2005, kuma a bakin Biwa an ajiye akwatuna don wanda ya kama ya jefa ciki, an hana mayar da shi ruwa.

Ban taɓa tunanin irin wannan ɓarna na faruwa a gidan kifin kansa ba sai da na tsaya a Filint. Maƙwabcinsa Chattahoochee an jera masa madatsun ruwa, duwatsun da bas na duwatsu ke yin doguwar tafiya don haihuwa a kansu suka nutse ƙarƙashin tafkuna, kifin ya rage sai a 'yan tsirarun wurare. Filint ma ya kusa bin sahu. An tsara gina madatsa a daidai Sprewell Bluff, har Majalisar Dokokin Amurka ta amince, amma a 1973 gwamnan jihar na lokacin, Jimmy Carter, wanda ya shiga kogin da kwalekwale da kansa, ya ƙi yarda. Ya sha suka a kan haka. Duwatsun da muka taka rannan da tuni suna ƙarƙashin ruwa mai zurfi.

Barazanar yau ba ta buƙatar siminti, bokiti ɗaya ya isa. Wani mai ƙugiya zai ga yana son bas mai ɗigo-ɗigo ko na Alabama a ruwan da ke kusa da gidansa, ya ɗebo su daga wani kogi ya zuba, duk da doka ta hana. Da yake dangi ɗaya ne, baƙon yana barbarar ɗan gida, 'ya'yan su fito ruwa biyu, jikoki su ƙara nisa, har jinsin da ya yi dubban shekaru yana daidaita kansa da kogi guda ya narke cikin wani. Ba a ganin gawar kifi a gaɓa, ba wanda zai yi kuka, kogin ma cike yake da kifi. Haka ta faru da bas na Guadalupe bayan an zuba mai ƙaramin baki a kogunan Tekzas a shekarun 1970, kuma hukumar kula da namun dajin jihar ta shafe shekaru tana ƙyanƙyasar tsantsar irin tana mayarwa kafin a ga sauƙi a wasu koguna.

Da rana ta yi, dattijon ya kama wani kifin. Wannan karon ya daɗe yana juya shi, ya buɗe bakinsa ya shafa harshen da yatsa, don mai ɗigo-ɗigo yana da ɗan facin haƙora a harshe, na duwatsu kuwa galibi babu. Ya sa shi a cikin jakarsa. Ya ce duk baƙon da ya kama a nan gida yake kai shi, kuma ma'aikatan kula da kifi ma haka suke so. Na tambaye shi yadda yake yi da masu ruwa biyu. Ya ce wasu yakan gane su ta zanen jiki, wasu kuwa ko masanan sai sun yanki ɗan fiffike sun kai ɗakin gwaji kafin su faɗi ko ɗan wane ne.